Ranar da Na Yi Wa Wanzami Aski

Rubuta, ɗiyata. Allah ya ba ki alƙalami, ni ya bar ni da baki, to mu haɗa. Ki rubuta yadda na faɗa, kada ki tausasa mini magana don ki rufa wa yayanki asiri. Abin da ya tayar da ni ba wani babban abu ba ne. Shekaranjiya da hantsi na fita bayan gida zubar da toka, na taka wani abu ya yi ƙaras a ƙarƙashin takalmina. Na duƙa na ɗauko. Rezar roba ce, shuɗiya, irin wadda ake aski da ita sau ɗaya a yar, bakinta cushe da gashin wani ƙaton da ban san ko ɗan wane ne ba. Na tsaya bisa juji riƙe da ita, awaki na kallona, na ce a raina: wai wannan ce ta gaji aska? Wannan abu mai kama da ƙashin kifi? Tun daga lokacin zuciyata ba ta kwanta ba, shi ya sa na aika a kira ki.

Ubanki wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami. Kin san wannan, amma ba ki san shi da ƙarfinsa ba, don ke auta ce, kin tashi kin iske sana'ar ta fara sanyi. Lokacin da aka kawo ni gidan nan, ba carar zakara ke tashe ni ba, ƙarar dutsen wasi ce. Yana idar da salla sai ya shimfiɗa buzu a ƙofar ɗaki, ya buɗe zabirarsa, jakar fatar nan da kike gani rataye har yau, ya jera asakensa. Ya ɗiga ruwa a kan dutse, ya fara: shuu, shuu, shuu, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ni ina can ina surfe, taɓarya na faɗuwa, dutse na amsawa, har wani lokaci in ga hannuna ya bi nasa ba da sanina ba. In ya gama da dutse ya koma ga fata, in ya gama da fata ya goga a tafin hannunsa, sannan ya ɗaga askar ya duba bakinta a haske, ya gwada a gashin damtsensa. Gashin ba ya ma sanin an yanke shi. Asaken nan maƙeri ne ya ƙera su, kowace da halinta. Akwai ta kai, akwai ta gemu, akwai ƴar ƙarama ta jarirai wadda ba ta taɓa kan babba ba. Ta kai ɗin ta kakansa ce. Wasi ya cinye ta har ta rame ta yi kamar ganyen hatsi, amma da ita ya fi son aiki.

Aski a wancan zamani zama ne, ba gudu ba. Akwai wani gawo a bakin kasuwa, an sare shi yanzu, nan yake zama. Mutum ya zo ya yi sallama, ya tuɓe hula, ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa. Ubanki ya ɗebo ruwa a ƙoƙo ya jiƙa kai, ya yi ta murzawa da yatsu har gashi ya yi laushi, har mutumin ya fara lumshe ido. Sannan aska ta hau: ƙirr, ƙirr, daga goshi zuwa ƙeya, yana share gashin a bayan hannunsa na hagu. Mu mata ba ma zuwa gindin gawon, amma hanyar rijiya ta nan ta bi, ina wucewa da tulu ina satar kallo. Na ga manyan mutane, masu rumbuna, waɗanda ko matansu ba sa kallon tsabar idonsu, sun ɗaga haɓa sun miƙa wa mijina maƙogwaro kamar ragon layya, idonsu a rufe. Surukina, uban maigida, kafin ya rasu yakan ce wa samari su daina duban wanda ake yi wa fadanci, su dubi wanda garin nan ke ba wuyansa. A gindin gawon ake jin wanda matarsa ta haihu, da wanda ba shi da lafiya yana ɓoyewa, don hannun da ke bisa kanka yana jin zazzaɓinka kafin ka faɗa. Ba a ciniki. In kaka ta yi, gidajen da yake yi wa aski su aiko da dammunan hatsi, kowa gwargwadon abin da Allah ya hore masa. Da askar nan aka cika rumbun da kika ci kika girma.

Shi wanzamin fa, wa ke yi masa aski? Wannan ma da ƙa'idarsa. Wanzami ba ya zama gaban kowa sai gaban ɗan'uwansa wanzami wanda ya yarda da hannunsa, kuma ba a biya, ramawa ake yi nan take. Ubanki yana da nasa, wani siririn mutum mai surutu da ake ce wa Na-Gecheme, don daga can yake. Ranar kasuwar Tibiri, in an tashi, sukan biyo ta nan gida su zauna a inuwar zana su yi wa juna. Ina kawo musu fura ina jin su. Na-Gecheme ya dafa kan ubanki ya ce: “Kai, wanga kai naka, ko kyauta aka ba ni shi gona ba ni nomawa, duk tudu da kwari.” Ubanki ya ce: “Noma dai, malalaci, ka gamu da gonar da ta fi ƙarfinka.” “Yi shiru ko in bar maka tukku awa na yaro.” “Bar shi, in tafi gaban matarka in ce ga aikin mijinki.” In an gama, ubanki ba ya godiya. Sai ya shafa kansa daga ƙeya zuwa goshi, a hankali, yana neman inda aka bari. In ya samu, ya ƙwanƙwasa wurin da yatsa a gyara. In bai samu ba, ya tashi ya kaɗe riga, ya nuna buzun ya ce: “Zauna, saura naka.” Iyakar yabonsa ke nan. Na ji maganar nan tun ina amarya har na yi furfura.

Yau kuwa fa? Yau namiji ya shiga kanti ya sayi abin aski cikin leda kamar mai sayen alewa. Ya shige bayi ya rufe ƙofa, ya tsaya gaban ɗan madubi shi kaɗai kamar ɓarawo, ya yi ta kankarar fuskarsa yana yamutsa baki. Ba sallama, ba hira, ba wanda ya dafa masa kai. Ya fito da ƙuraje a ƙeya kamar an shuka wake, haɓa duk tsaga, ya manna mata auduga, ya fesa turare, wai shi ɗan birni. Abin da ya yi askin da shi kuwa ya wurga shi ta kan katanga, marar takalmi ya taka. Abu ba kube, ba mai shi. Ba wanda ya ƙera ta balle ya ji kunya in ta yi dakushi. Wa ya taɓa jin an zauna rabon gado an ce wane, kai ɗauki rezar baba? Waɗanda suka fi su wayo su tafi wurin masu askin zamani a Dutsi, a ɗora musu wani inji mai kuka kamar zanzaro, wai tandos, ana tsakiyar aiki wuta ta ɗauke, ƙato ya fito titi da rabin kai yana neman hular aro. Da idona na ga wannan ranar da aka kai ni likita. Na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo, sannan na yi kuka a mota.

Na san abin da za ki ce, don yayanki ya faɗa mini har kunnena ya gaji: aska ɗaya kan mutum da yawa, cuta na bin jini. Ban ƙaryata ba. Zamani ya zo da cututtukan da ba mu san su ba, mun binne mutane. Amma ranar da ma'aikatan likita suka tara wanzamai suka yi musu bayani, ubanki ya dawo gida ya ce in ba shi tukunyar da ba na so. Daga ranar, duk kan da ya gama sai askar ta shiga tafasasshen ruwa, yana yawo da ɗan murhu kamar mai sayar da shayi. Ƙarfe na gaskiya yana jure wuta. Ki je ki leƙa ɗakin samarin unguwar nan, ki ga rezar da aka ce a yi sau ɗaya a yar, yadda suke karɓa-karɓa da ita har ta yi tsatsa. Su ne masu tsabtar.

To, bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Ranar da na tare, surukuwata ta zagaya da ni gidan, ta nuna mini turmi, ta nuna mini randa, ta nuna mini rumbu, sannan ta tsaya gaban zabira ta ce: “Yarinya, komai na gidan ga naki ne, ban da wannan. Mace ba ta taɓa zabira, ba ta tsallake ta. Askar da mace ta taɓa, bakinta ya mutu ke nan.” Na ce to. In zan share ɗaki sai in kira shi ya ɗauke ta da kansa.

Sai wata shekara, ana gab da kaka, yayanki na rarrafe, ɗan karkare ya fito wa ubanki a babban yatsan hagu. Yatsan ya kumbura ya yi kamar gauta. Aski yana iya lallaɓawa da dama, amma wasi na son hannu biyu, ɗaya na ja ɗaya na danne bakin. Na-Gecheme kuwa ya yi tafiya. Asake suka fara dakushewa. Na ji wani dattijo ya ce masa a ƙofar gida: “Wanzam, yau askarka na cizo.” Maigida ya shigo ya zauna ya ƙi fura. Ga lokacin aiko da dammunan hatsi ya ƙarato, kuma in gida ya koma ga wani wanzami ba ya dawowa. Da rana tsaka, surukuwata ta tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye, ya leƙa waje, ya saki asabari, ya ce: “Zo nan.” Na zo. Ya buɗe zabira ya ce: “Ɗauka.” Na ɓoye hannuwana a baya na ce: “Inna ta ce bakinta mutuwa zai yi.” Ya ce: “Ya riga ya mutu. Ɗauka.” Na ɗauka. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni mamaki. Ya ce in kwantar da ita bisa dutse kamar yadda nake kwantar da yaro mai barci. Sai ya juya mini baya ya ce da kunne zai duba ni. Na ja. “Kin ɗaga ta da yawa, tana kuka.” Na sake. “Yanzu kuma kin danne ta. Niƙa kike yi? Ba hatsi ba ne.” Na yi ta yi, gumi na ɗiga daga haɓata bisa dutsen, har can na ji ƙarar ta sauya, ta bar ƙarr ta koma shuu, irin wadda ke tashe ni da safe. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Da dattijon nan ya dawo aka gyara masa fuska, ya ce: “Yawwa, Wanzam, yau ta dawo hayyacinta.” Ni ina bayan zana na toshe baki da zane. Har yatsan ya fashe ya warke ni ke wasi a ɓoye, kuma ko bayan ya warke, in tsohuwa ta fita, wani lokaci yakan saki asabari ya miƙo mini, ba don ya kasa ba. Sauran mata suna da abin da mazansu suka sayo musu a kasuwa su nuna a rijiya. Ni wannan nake da shi, kuma ba na iya nuna wa kowa. Amma wasi kawai. Ban taɓa ɗora aska bisa kan mutum ba.

Sannan zamani ya shiga cin sana'ar kamar gara. Samari suka daina zuwa gindin gawo. Yayanki, ɗan farina wanda ba na kama sunansa, ya ƙi zabira tun tasowarsa, ya tafi Dutsi ya buɗe kanti, Allah ya buɗa masa, ya tara gemu ya ɗage wando, ya ce ƙaho da tsaga duk al'adun jahilci ne. A kantinsa har rezar nan yake sayarwa, jere a kwali, rataye a ƙofa. Ɗan wanzami! Ubanki ya gani da idonsa, ya dawo ya wasa asakensa duka, har waɗanda ba su buƙata. Sai Na-Gecheme ya rasu. Daga nan ubanki ya koma yi wa kansa da lalube, ya ƙi zama gaban kowa. Akwai wani a kasuwa mai kiran kansa wanzami, yana soka bakin reza a tsagin kara yana kankare mutane. Da aka ce ya je wurinsa, ya tofar da yawu.

Dakata kaɗan in share idona. To, ci gaba.

Ciwon ya same shi a gona, da hantsi. Aka kawo shi a amalanke, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi. Tsofaffin unguwa suka ce doguwa ce, aljanar nan, ta taɓa shi, a nemi masu bori. Yayanki ya ce shirka ce, tansiyo ne, wato hawan jini, ya kai shi likita a Dutsi. Ni ban yi gardama da kowa ba, na dai san hannun da ke riƙe aska ya mutu ya bar mai shi da rai. Ke kina can wurin aikinki mai nisa, ga tsohon ciki, muka ce kada a tayar miki da hankali. Aka dawo da shi gida. Gashi kuwa bai san ciwo ba, ya yi ta fitowa. Mutumin da ban taɓa ganin gashin kansa ya fi ƙwayar hatsi ba, kansa ya cika da furfura cukus, saje ya haɗe da gemu, wuya ya rufe. Ya sa hannun hagu ya shafa, ya ji, ya juya fuska ga bango. In masu dubiya sun yi sallama sai ya ja mayafi ya rufe kai, ya yi ta gurnani har in ce musu barci yake. Mutanen da shi ya yi musu askin suna, suka yi gemu a hannunsa, suna komawa daga ƙofa. Sannan ya fara ture fura. Na gane sarai. Ba ciwon ne zai kashe shi ba, kunya ce.

Gab da Babbar Salla yayanki ya zo da mota da rago da buhun shinkafa. Ban raina ba, ɗa ne mai kula, Allah ya yi masa albarka. Na gaya masa abin da ke damun ubansa. Ya yi dariya ya ce: “Inna, wannan ce matsalar? Ai da kin sa an yi mini waya.” Ya koma mota ya ɗauko leda. Muka fito da ubanki inuwar zana, muka zaunar da shi bisa buzu, muka tokare bayansa da matashi. Da ya ga abin da ke hannun ɗansa sai ya rufe ido. Yayanki ya fesa masa wani kumfa daga gwangwani, kan ya yi fari kamar an kifa masa ƙwaryar nono, ya ɓare rezar roba ya ja. Reza ta tafi kamar faɗin yatsa ta shaƙe. Ya kaɗa ta cikin ruwa ya sake ja, ta tsige gashi ba ta yanke ba. Ya yar, ya ɓare sabuwa. Ita ma haka. Ya danna da ƙarfi, sai ga jini a saman kunne yana gangarowa cikin kumfa. “Yi haƙuri, Baba, gashin ne ya yi yawa, da na sani na zo da tandos.” Ya ɓare wata. Robobi shuɗɗa suka taru a gaban buzu. Kan ubanki ya zama kamar gonar da awaki suka shiga, nan fili, nan gashi, nan jini. Bai yi gurnani ba. Hawaye ne kawai ke fita daga idon da ke ɓarin da ya mutu, yana bin karkataccen bakin.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na shiga ɗaki na sauko da zabira, na fito da ita tsakar gida da rana tsaka, gaban ɗana da matarsa da maƙwabciyarmu da ta leƙo ta kan zana. Maƙwabciyar ta dafe ƙirji: “La ilaha! Ke, zabira ce fa a hannunki!” Na ce: “Na gan ta.” Na aza ruwa a wuta, na zauna, na ɗiga ruwa a dutse, na zaro ta kakansa. Yayanki ya ce: “Inna, mi za ki yi? Ajiye wannan abu, tsohon ƙarfe ne, ga tsatsa.” Na ce: “Tsatsa tana kantinka.” “Inna, hannunki rawa yake, ko zare ba ki iya sa wa allura. Za ki yanka shi.” Na ce: “Kai da ka iya, ga aikinka can yana zuba.” Amma gaskiya ya faɗa, ɗiyata. Hannuna na rawa, idona ya yi hazo, kuma ban taɓa yi ba. Na san in askar nan ta kuɓuce a wuyansa, ni ce zan kashe mijina a gaban ɗansa.

Na ja ta bisa dutse. Ƙarr. Na sake. Ƙarr. Sai na ji gurnani daga inuwar zana. Ubanki, ido a rufe, ya ɗaga hannun hagu yana kwantar da tafin ƙasa-ƙasa, yana nufin na ɗaga ta da yawa. Na kwantar. Shuu. Hannun ya sauka bisa cinyarsa. Yayanki ya dubi ubansa, ya dube ni, ya ce: “Inna, yaushe kika...” Na ce: “Tun kana rarrafe. Sirka ruwan can ka wanke wannan ƙazantar daga kansa.”

Na tsoma askar a tafasasshen ruwa kamar yadda yake yi. Na jiƙa kansa, na yi ta murzawa da yatsu. Ashe gaskiyar Na-Gecheme ce, duk tudu da kwari. Na yi bisimilla na ɗora. Abin da ban sani ba shi ne aska mai kaifi ba ta son ƙarfi, rakiya kawai kike yi mata tana tafiya. Tana taɓa fata rawar hannuna ta tsaya. Ƙirr. Gashi ya zubo fari a bayan hannuna. Inda na karkace sai ya karkata kansa ya gyara mini, inda fata ta saki sai ya kumbura kuncin da ke aiki. Shi ke askin, ni hannu ce kawai. Na kewaye inda ɗansa ya yanka. Da na sauko fuska yayanki ya ce: “Inna, gemu dai a bar shi, sunna ne.” Na ce: “Gemunsa ya girme ka, ba mai taɓa shi. Gefe zan gyara.” Na gama kunci, saura wuya, sai na tsaya. Ubanki ya buɗe ido ya dube ni, sannan ya ɗaga haɓa ya miƙo maƙogwaro, ya sake rufe ido, kamar yadda manyan garin nan suke yi masa a gindin gawo. Ina ganin jijiya na bugawa ƙarƙashin fata. Na bi a hankali, daga ƙasa zuwa sama, har na fita.

Na goge shi da tsumma mai ɗumi. Fuskar da na sani ta dawo, a karkace, amma ita ce. Ya ɗora hannun hagu a ƙeya, ya taho da shi a hankali zuwa goshi. Ya koma bayan kunnen dama. Ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa da yatsa. Na duba, ga ɗan gashi kuwa, bai kai ƙwayar riɗi ba. Na ce: “Ko yanzu ma, maigida?” Na ɗauke shi. Ya sake shafawa tun daga farko, bai samu komai ba. Sai ya fara kokawa da harshensa. Tun da ciwon ya same shi ba mu ji magana sosai daga bakinsa ba. Yayanki ya durƙusa yana cewa: “Baba, ruwa? Fura?” Ya ture shi. Ya daki gefen buzun da tafin hannu, ya dube ni, ya ce: “Zau... na. Saura... naki.”

Na yi dariya har na faɗi zaune, dariyar ta juye kuka. Yayanki bai gane ba, yana tambayar matarsa mi Baba ya ce. Ranar ya shanye furar da na dama. Ranar Salla ya sa aka kai shi zaure aka zaunar da shi ba hula, da gangan, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ga kan. Ina jin wani tsoho yana cewa: “Wanzam, wa ya yi maka wanga aski? Ashe akwai saura a ƙasar ga?” Ya nuna cikin gida da haɓa. Suka ɗauka ɗansa yake nufi, suka yi ta sa wa yayanki albarka, shi kuwa ya sunkuyar da kai, bai ce e ba bai ce a'a ba. Maƙwabciyata, Allah ya saka mata, ta riƙe bakinta. Gashin bai sake yin tsawon da za a aske ba Allah ya karɓi abinsa. Da askina ya tafi.

Bayan na fita takaba yayanki ya so ya ɗauke zabirar, ya ce a binne ta kada jikoki su yanke. Na ce ya jira in mutu. Har yanzu rezarsa na rataye a ƙofar kantinsa, mutane na saye suna yarwa, ina takawa a juji. Su yi ta yi. Ni duk safiya in na idar da salla nakan shimfiɗa buzun, in ɗiga ruwa a dutse, in ja ta kakansa har ta ce shuu. Mata na cewa tsohuwa ta fara ruɗewa, wa za ta aske? Ba ruɗewa na yi ba. Mutumin nan bai taɓa tashi daga aski bai rama ba. Ya ce in zauna, ga ni zaune, kuma ba zan bari ya iske ta da dakushi ba. Ajiye alƙalamin haka nan, ki miƙo mini ƙoƙon ruwan can.